Kashin Wa Ke Cikin Rijiyarmu?

A da, idan aka yi shakkar ruwa a garinmu, kusa da Bakori, launi ake dubawa, a shinshina, a ɗanɗana. In bai sauya ba, an gama magana. Yanzu kuwa sai an zuba shi a kwalba an kai Zariya.

Daminar da gudawa ta kwantar da yaran unguwarmu, kowa ya nuna maƙwabcinmu Bafulatani, wanda shanunsa ke sha a kwamin rijiya tun zamanin ubansa. Aka ce a hana shi. Na roƙi mai unguwa ya dakata, 'yata tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje a Zariya, zan kai mata ruwan rijiyar.

Gwajin farko ya ce akwai kashi a ruwan. Na ce na wa? Ta ce, "Baba, wannan ƙirga ƙwayoyin cuta kawai yake yi, ba ya sanin mai su." Na zauna a Kwatano, na zauna a Khartum, na iya tambayar nan da harshe huɗu, ban taɓa samun amsa marar amfani irin wannan ba.

Na biyu wai ya fi wayo. Ana zuba wa ƙwayoyin cutar magani. Waɗanda suka saba da maganin mutane, daga cikin mutum suka fito. Sakamako ya zo a cakuɗe. Da 'yata ta yi wa Bafulatanin bayani sai ya dube ni ya yi dariya.

"Alhaji, ai kafso ɗin nan ja da rawaya da kuke sha, shi nake ɗura wa maruƙana. Kemis ɗinmu ɗaya."

'Yata ta ce masa, "To Malam, kai da saniya likitanku guda, yaya na'ura za ta raba ku?"

Wanda ya tsara gwajin bai taɓa zuwa kasuwar Bakori ba.

Na uku, mai bin ƙwayar halitta, ya ci wata biyu. Mutane suka gaji da jira, suka kafa ƙaya a bakin kwami. Sannan takarda ta iso: kashin mutum ne. Masai mafi kusa da rijiyar kuwa nawa ne, taku goma sha biyu, ni na sa aka haƙa shi.

Na cike masan, na je har ruga na ba shi haƙuri. Ya karɓe ni da fura, amma ya riga ya haƙa tasa rijiyar. Shanunsa ba su sake shan ruwa a unguwarmu ba.