Ɗaliba ta Goma

Duk wanda ya san Mama Tiburcia Colque ya san ba a rufe taro tana da sauran magana a baki. Shekararta sittin da uku, gajeriya, malafa a karkace, kumatu ɗaya kullum cike da ganyen koka da take taunawa kamar goro. Kiwon lama take yi, dabbar can mai kama da ɗan raƙumi, da noman dankali a ƙauyen Chullpa Uma, ita ce kuma mai dama wa 'yan makaranta kunun safe tun rufin ajin yana na ciyawa. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun tafi birnin El Alto neman abinci, sun bar mata jika ɗaya, Nélida, 'yar shekara bakwai.

Ran nan aka kira taron kwamitin makaranta. Jami'in ilimi, Arancibia, ya zo daga gari da takalminsa mai sheƙi, ya ce za a rufe makarantar. Wai ƙa'idarsu ɗalibai goma, su kuwa tara ne. Yaran su koma ta gari, tafiyar awa uku, ga kogi a tsakani mai cin mutane da damina.

Maza suka yi tsuru-tsuru. Shugaban kwamiti, Tata Melquiades, har ya buɗe littafin taro don a sa hannu. Kai, abin haushi! Mutumin da ke cika baki a kasuwa, yau ya koma kamar kazar da ruwa ya doka.

Mama Tiburcia ta miƙe.

"Ɗan nan, wane ne ɗalibi?"

"Wanda ya zo koyon karatu, Mama."

"Takardar taka ta faɗi shekaru?"

Arancibia ya juya shafi, ya sake juyawa. "Ba ta faɗa ba, amma..."

"Riƙe ammarka." Ta fizge littafin taron, ta dinga buɗe wa jami'in: kowa da sa hannunsa, ita kuwa dangwalen babban yatsa. "Shekara talatin ina dangwala muku tawada. Akwai wanda ya fi ni buƙatar karatu a ɗakin nan? A rubuta goma."

Ɗaki ya kece da dariya. Melquiades ya ce, "Haba Mama, ke da jikarki benci ɗaya?"

"Kai da ka yi aji biyar, me ya tsinana maka? Rubuta, ko in dangwala maka a goshi."

Ya rubuta. Arancibia ya tafi yana huci, ya ce zai dawo ba sanarwa.

Ta fa ji jiki. Bencin ƙarami, gwiwoyi na ciwo, yara na tsokana, lamarta a hannun maƙwabciya mai mita. Akwai ranar da kunya ta sa ta kuka a bayan aji. Amma ko sau ɗaya ba ta yi fashi ba.

Bayan wata biyar sai ga Arancibia. Ya ƙirga kawuna, goma cif. Ya yi murmushin mugunta, ya nuna allo.

"To, ɗaliba, karanta. In kin iya, kin gama ke nan, kun koma tara."

Ta ƙanƙance ido, ta daɗe tana kallo. "Wannan mai ciki biyun... B ce ko kwaɗo?"

Nélida ta buɗe baki, don jiya-jiya kakarta ta karanta layin nan tsaf, har malama ta sa aka tafa mata. Mama Tiburcia ta take mata ƙafa.

"Ka gani ko, ɗan nan? Kaina da tauri. Sai ka dawo baɗi. Ƙila ma baɗin baɗaɗa."