Lahadin da Na Zama Madam ta Legas

Ni ban nemi zama Madam ba. Matar fastonmu ce ta dube ni daga sama har ƙasa a taron zumuntar mata, ta ce, "Ke ce mai jikin." Mata suka kwashe da dariya. Na haɗiye abina, domin shekara ashirin ina ɗinki a Tudun Wada, zaman keke ne ya ba ni jikin, ban ci na kowa ba.

Dalilin wasan ba abin dariya ba ne. A shekarar nan 'yan mata sun yi ta ɓacewa daga majami'armu, kuma da sanin iyayensu. Wata mata za ta zo tana ƙamshin turare, ta ce akwai aikin gida a Legas, za a sa yarinya a makaranta. Wata ɗaya ko biyu ana gaisawa ta waya, daga nan lamba ta daina shiga. Fasto ya yi wa'azi har muryarsa ta dushe, mutane suka ce amin suka watse. Shi ne matarsa, wadda duk muke kira Mama, ta ce tunda ba sa ji a nuna musu. Ta rubuta wasan kwaikwayo kashi uku: Madam ta zo da daɗin baki, yarinya ta sha wuya a Legas, majami'a ta je ta ceto ta.

Akwai wadda Mama take nufi da wasan. Wata gwauruwa ce mai wankin kayan ciki a mayankar Abattoir, a bencin bayana take zama. Babbar 'yarta shekara goma sha uku, ta bar makaranta tun rasuwar uban, kuma an ga wata baƙuwa ta shiga gidansu har sau biyu. Mama ta ce mini, "Ko ita kaɗai ta gane, ya ishe ni."

To ni idan aka ba ni aiki ban iya rabi da rabi ba. Akwai leshin wata kwastoma da na gama ɗinkawa, sai Litinin za ta karɓa, na zura shi. Na aro gashin kanti da baƙin tabarau. Rigar aikatau da wata yarinya cikin mawaƙan majami'armu za ta sa a kashi na biyu ma ni na ɗinka, shuɗiya mai farin wuya, har da aljihu biyu. Mama ta ce tsumma take so. Na ce tsumma ba ya fita daga shagona.

Ranar Lahadi majami'a ta cika har bakin ƙofa. Na shigo ta baya ina kaɗa makullin mota, wanda makullin shagona ne, aka miƙa mini lasifika. Layi huɗu Mama ta rubuta mini. Na yi wajen minti ashirin. Ban san inda maganar take fitowa ba: shayi da madara kowace safiya, ɗaki da fanka, makaranta mai motar ɗaukar yara, teku a bayan gida. Mama tana ta yi mini alama da hannu, ni kuwa na ɗauka cewa take in ƙara. Wani dattijon majami'a ya ce, "Haleluya!" Aka tafa.

Ina rufe baki ruwa ya sauko, irin ruwan Jos mai haɗe da ƙanƙara, a kan rufin kwano. Aka ɗauke wuta. Daga nan ko na kusa da kai ba ka jin abin da yake faɗa, amma Mama ta ce a ci gaba.

Saboda haka kashi na biyu da ido kawai aka kalle shi. Aka ga yarinya ta fito cikin sabuwar riga, ta yi kyau abinta, tana shara. Na ɗaga bulala, bulalar kuwa tsumman kai ne aka naɗe, na sauke mata a haƙarƙari, ashe tana da jin cakulkuli, ta ɓuge da dariya. Na jefa mata ragowar abinci. Mama ce ta kawo ragowar daga gida, kuma Mama ba ta iya kawo abin kunya majami'a ba: dafa-duka ce da cinyar kaza. Yarinyar ba ta karya ba ta fito. Ta zauna a gaban bagade ta cinye tas, har ƙashi ta tauna.

Tana cikin suɗe kwano kashi na uku ya fara. Matan zumunta shida suka shigo da yunifom, suna waƙar da ba mai ji, suka kama ta. Ta riƙe kwano, suka ja, ta turje. Abin da jama'a suka gani ke nan: matan majami'a sun raba yarinya da kaza sun mai da ita gida tana harbe-harbe. Kafin Mama ta hau ta yi bayani ruwa ya shigo ta ƙofar gefe, kowa ya tashi ɗaga benci.

Litinin da safe, ko zare ban zura ba, wata ta leƙo shago. Bayan doguwar gaisuwa ta rage murya ta ce, "Anti Tela, wurin nan na Legas, akwai sifes, gurbin mutum biyu?" Na ɗauka zolaya ce, na yi dariya. Ba ta yi ba. Kafin rana ta raba mutum huɗu sun zo. Dattijon Haleluya ya zo da kansa, wai ko oga mijin Madam yana neman direba, yana da ɗa. Na ce, "Baba, ni ce fa. Ni na ɗinka maka rigar Kirsimeti!" Ya ce ya sani, shi ya sa ya yarda da ni. Mai leshi ma ta zo karɓar kayanta, ta riga ta ji labari, ta ce ta bar mini shi, ita ba za ta sa kayan da mutane za su riƙa bin ta da yara ba.

Na je na samu Mama raina a ɓace. Ta riƙe kai ta ce Lahadi mai zuwa fasto zai yi sanarwa cewa babu Madam, babu Legas, kazar ma daga gidan fasto ta fito. Muka yi dariya har da hawaye, amma dariyar ba ta yi mana daɗi ba.

Ba a kai Lahadin ba. Ranar Alhamis da hantsi gwauruwar ta tsaya a ƙofar shagona, yarinyar a bayanta da jakar Gana-mas-go, an yi mata sabon kitso. Nan fushina ya tashi gaba ɗaya. Na miƙe na ce, "Haba 'yar'uwa! Har da ke? Wasa ne! Wasa! Ko Lokoja ban taɓa wucewa ba!"

Ta bari na gama. Da Hausarta ta wadda ta koya da girma, mace ma "shi" take ce mata, ta ce, "Anti Tela, na san wasa ne. Ni ba mahaukaciya ba."

"To me ya kawo ki?"

"Wancan matan da ya zo gidana ya ce ran Asabar mota zai tashi daga Gada Biyu. Na ce in dai za a tafi da shi, gara wanda na san fuskan shi. Ke ko kin duke shi, Lahadi zan gan ki a coci in tambaye ki."

Na dubi hannuwanta, ruwan wankin hanji ya cinye su har sun yi fari. Kunya ta kama ni, kunyar lasifika da tekun bayan gida da duk ihun da na gama yi. Na karɓi jakar na cusa ƙarƙashin teburin yanka, na ce wa yarinyar ta zauna a wancan keken, kada ta taɓa komai.

Uwar ta ce, "Zai ci abinci?"

Na ce za ta ci abin da na ci.

Sai ta durƙusa a tsakiyar shagon, cikin ƙyallaye, ta ɗora hannu a kan yarinyar ta yi mata addu'ar tafiya, irin wadda ake yi wa mai shiga mota: Ubangiji ya tsare hanya, ya haɗa ta da mutanen kirki, kada ta manta ƙannenta. Tsakanin shagona da gidanta tafiyar minti biyar ce. Ta tashi ta fita ba ta waiwaya ba.

Da yamma na gaya wa Mama, domin na tsorata da kaina. Na ce ga ni na karɓi 'yar mutane zan sa ta aiki, me ya raba ni da Madam? Ta ce makaranta. Zumunta ta ɗauki nauyin wannan, safe aji, yamma shago, kuma Mama da kanta take zuwa dubawa, ba ta ko sallama.

Mako uku uwar ba ta leƙo ba, ba ta zo sujada ba. Yarinyar ta fara tsayuwa a bakin ƙofa tana kallon titi, domin nan ce hanyar uwarta zuwa Abattoir. Na hasala, na ce wace irin uwa ce wannan, na ɗauki mayafina na je har wurin aikinta in wanke ta tas. Tana ganina ta saki hanjin da ke hannunta, ta miƙe tana leƙen bayana. Ashe duk kwanakin nan zagaye take yi ta wani layi, ta ƙara wa kanta tafiya, don kada in gan ta in mayar mata da yarinyar.

Ta ce, "Anti Tela, abeg. Kin kawo shi ne?"