Ranar da Barau Ya Faɗi Abin da Yake Samu

A Kafin Dafga, in ka tambayi mutum nawa yake samu, amsa ɗaya ce: "Alhamdu lillahi, akwai rufin asiri." Wanda ya samu da yawa yana tsoron baki, wanda ya samu kaɗan yana tsoron raini.

Barau ɗan ƙwadago ne tun yana saurayi. Da damina ya yi huɗa da noma a gonakin mutane, da kaka ya cire gyaɗa, da rani ya buga bulon ƙasa har Rogo Ruma. Amma ran Juma'a farar rigarsa ta fi ta masu gonakin haske, har ana cewa yana da ajiya. Bai taɓa musawa ba. Wannan zato shi ne mutuncinsa.

Wata kaka wani ma'aikacin ƙididdiga, Abubakar Sadiq, ya zo yana tambayar abin da ma'aikata ke samu a mako. Ya zaga gari, kowa ya ba shi rufin asiri. Da la'asar ya zauna a gindin darbejiyar masallaci, a gajiye, Barau ya matso.

"Samari, wai me za a yi da abin da kake tambaya?"

Ma'aikacin ya nuna masa waya: ga na malaman makaranta, ga na masu aikin kamfani, jiha bayan jiha, kowa yana iya dubawa. Barau ya riƙe haɓa. Ashe akwai inda ake tara gumin mutanen ƙasa duka a wuri guda!

"Ina na masu fartanya?"

"Baba, ai ba ku faɗa ba. Wanda bai faɗa ba, kamar babu shi ne."

Barau ya dubi mutanen da ke zaune, har da masu gonakin da yake yi wa aiki. Yana iya jan yaron gefe, amma ya san in ya yi a ɓoye, ba wanda zai bi sahunsa. Ya gyara murya ya faɗi na makon jiya, ya faɗi na makon da ruwa ya hana fita, wanda babu ko sisi. Abin bai kai rabin yadda ake zato ba.

Wani mai gona ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Sai Uba, abokin wasansa, wanda suke huɗa tare, ya ce, "Kai, Barau! Da wannan kake ciyar da gidan nan naka? Wallahi na ɗauka tukunyar kuɗi ka binne a ɗaka."

"Ita ce nake jira ka tono mini, malalaci."

Aka yi dariya, amma ba irin wadda Barau ya ji tsoro ba. Uba ya jawo tabarmarsa kusa da ma'aikacin.

"Rubuta nawa, samari. Sai dai ka riƙe wayar da kyau, kada tausayi ya sa ta faɗi."