Muryoyin da Abdussalami Ya Tara a Na'ura

Ranar wata Talata bayan la'asar, a shagon Abdussalami mai gyaran rediyo da ke bakin kasuwar Wad Haddad a ƙasar Sudan, tsoro ya fara shiga Ma'u. Kakarta, Inna Zamzam, ta zo a kunna mata muryar mijinta Alhaji Salmanu, wanda ya rasu a Jidda shekara goma sha shida da suka wuce. Ma'u ta haddace saƙon tun tana yarinya. Tsohon zai yi sallama, ya gaida mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi dawar bana, sannan ya ce, "Ina Hauwa? A ce ta matso kusa ta ji." Sai ya ɗan yi shiru, a ji wucewar mota a bayansa, ya ci gaba.

Ran nan ba mota aka ji ba. Wata mace ce ta yi tari sau biyu daga cikin sifika, ta ce, "Ga ni, na iso. Sai dai ban tarar da kowa a gidan ba."

Muryar Hauwa ce, mahaifiyar Ma'u, da tarin nan na shekararta ta ƙarshe. Tsakanin tambayar uban da wannan amsa akwai shekara goma sha ɗaya, kuma dukkansu biyu suna ƙasa. Tsohon ya ci gaba da maganarsa kamar ya gamsu. Inna Zamzam kuwa ta gyara mayafinta, ta ce a hankali, "To, sun gamu ke nan."

Abdussalami ƙanen Hauwa ne, kawun Ma'u. Ɗan leburan auduga ne, a hawasha, wato gonar ban-ruwa, ya tashi, sai dai tun yana ƙarami hankalinsa ba ya gona. Ana ba da labarin yadda ya kwance rediyon ubansa ana gobe Salla, ya sha duka, washegari ya mayar da ita har ta fi da kamawa. Makaranta bai yi nisa ba. Ya koyi aiki a Madani wajen wani tsoho mai gyara, ya yi shekara biyu a Bur Sudan, ya dawo da akwatin ƙusoshi da wata ɗabi'a ta karkatar da kai yana sauraro da kunnen hagu. In aka kawo masa abu ba ya buɗewa sai ya saurare shi tukuna. Yana da ƙarancin magana da mutane, amma yana hira da kayan gyara, yana ce musu "bawan Allah".

A garin, wasiƙar yawancin mutane kaset ce. Wanda ke Jidda ko Kano ko Gadarif zai zauna gaban rikoda ya yi bisimilla, ya karanta abin da ya sawwaƙa, ya faɗi abin da ke ransa, ya ba matafiyi. Idan ta iso, gida duka a taru a ƙarƙashin rumfa a saurara. Da shekaru suka ja, kaset-kaset suka fara mannewa saboda zafi, rikoda na taune su. Wajen Abdussalami ake kawo su, ya kwance, ya liƙa da man farce, ya naɗe da biro. A shekara ta dubu biyu da uku ya sayo tsohuwar kwamfuta daga Madani, ya ce zai zuba muryoyin a cikinta, ya wanke musu shuuu ɗin da ke rufe magana. Bai nemi ko sisi ba. Cikin shekara ɗaya ya tara saƙo ɗari biyu da ɗoriya, mafi yawansu na mamata. A cikinsu akwai guda ɗaya tak ta Hauwa, wadda ta aika masa yana Bur Sudan. Ita ce kaɗai wurin da muryarta ta rage a duniya.

Matsalar ita ce na'urar ba ta da sauri. Wanke kaset ɗaya sai ya ci wuni, wutar kuwa takan ɗauke kafin a gama, a sake daga farko. Wata tsohuwa ta yi mako shida tana jiran ta ji ɗanta sarai, ta rasu ba ta ji ba. Wannan ya tsaya wa Abdussalami a rai.

A lokacin ne Ma'u ta gama jami'a, ta dawo gida da takardar shahadar karatun kwamfuta, babu aiki. Kawun ya laƙaba mata Bashmuhandisa, wato babbar injiniya, rabi wasa rabi alfahari. Ya nuna mata abin da ya sani. Gudun ƙwaƙwalwar na'ura, in ji shi, lamba biyu ce ake ninkawa: bugun tushe, da lambar ninki. A wata na'ura da ya taɓa gyarawa ya ga yadda ake haɗa wasu ɗige-ɗige a bayan ƙwaƙwalwar da bakin fensir, ninkin ya buɗe. Har maƙwabta suka ce yana yi wa ƙarfe rubutu. Wannan kuwa masu ƙera ta sun kulle ninkin a sha uku, ya goga fensir har ya gaji, ko gezau.

"Bashmuhandisa, shekara huɗu kina cin fulus ɗin boko," ya ce mata, "ki ce mini ba a koya muku buɗe ƙofa ba?"

Ta ce ba ɓarayi suka koyar da su ba. Amma abin ya zauna mata. Ta hau mota zuwa Madani, ta shiga shagon intanet kusa da kasuwa, ta dawo da shafi huɗu na Turanci. Ta zauna a kan benci tana karantawa tana mayar masa da Hausa da Larabci a gauraye. Idan ninki a kulle yake, sai a ɗaga bugun tushen. Daga ɗari da talatin da uku a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, a ƙara wa ƙwaƙwalwar wuta ƙanƙani, a ba ta iska.

A shafi na uku akwai gargaɗi. Bugun nan ba ƙwaƙwalwa kaɗai yake ja ba, har da hanyar da ke kai bayanai cikin faifan ajiya. Idan ya yi yawa, faifan kan rubuta abu a inda ba wurinsa ba, don haka a kwafe komai a wani wuri kafin a fara. Ma'u ta karanta wannan a zuci. Ba su da faifai na biyu. Ta ce a ranta ai kaset-kaset ɗin suna nan a gidajen masu su, in an yi ɓarna sai a sake ɗauka. Ta tsallake sakin layin, ta wuce na gaba.

Suka cire murfin akwatin, suka kafa masa fankar tebur, Abdussalami ya rataya jiƙaƙƙen buhu a taga. Ɗari da arba'in, lafiya. Ɗari da arba'in da shida, lafiya. A ɗari da hamsin da biyu ya karkata kai ya saurara, ya ce bawan Allah yana haki amma zai iya. Aikin wuni ya ragu har ana gamawa kafin wuta ta ɗauke. Mako uku suna haka, yana bin tsofaffin saƙonni yana sake wanke su ɗaya bayan ɗaya, har ranar Talatar nan.

Kafin magariba labari ya zaga unguwa. Washegari da hantsi mata goma sha wani abu suna zaune a ƙofar shagon, ba hayaniya, kowace ta zo a kunna mata nata. Aka kunna na wani direba da ya mutu a hanyar Kosti. Yana cikin gaida matarsa sai wata tsohuwa da ba a san ko wace ce ba ta shiga karanta Ƙulhuwallahu, ta kai rabi, ya dawo. A wani saƙon, yaro yana dariya a tsakiyar ta'aziyya. Wata mata ta ce muryar da ta kutsa cikin saƙon yayanta ta maƙwabcinsu ce, kuma kabarinsu na kusa da juna. Ba wanda ya yi kuka. Suna saurare ne kamar masu jiran a kira sunansu.

Ma'u ta san abin da ke faruwa, sanin kuma bai rage mata komai ba. Faifan ne yake yanko guntun wannan ya dasa a cikin wancan, kuma duk wankin da aka ƙara, ɓarnar na ƙaruwa. Ta faɗa wa kanta haka sau da yawa. Duk da haka ta kasa daina tambayar kanta me ya sa, cikin saƙo ɗari biyu, guntun muryar mahaifiyarta ya faɗa daidai bayan tambayar kakanta.

Ta ja kawun gefe, bayan shagon inda tulun ruwa yake, ta gaya masa maganar shafi na uku, ba ta rage komai ba. Bai yi faɗa ba. Ya ce ashe kamar babbar tur'a ce, uwar magudanar ruwan gonaki, in ka ɗaga ƙofarta don gona ɗaya, duk ƙananan magudanai sai sun cika. Ya koma ciki ya ba matan haƙuri, ya kashe na'urar, ya mayar da lambar ɗari da talatin da uku. Da ya sake kunnawa, allon ya tsaya baƙi da layi ɗaya na rubutu. Suka cire faifan suka kai shagon wani mai buga takardu, suka haɗa a kwamfutarsa. Sunayen mutanen da Abdussalami ya rubuta da hannunsa sun zama wasu alamomi marasa ma'ana, ba abin da ke buɗewa.

"Kawu, ba komai," in ji Ma'u. "Mu bi gida-gida mu karɓo kaset ɗin. Ni zan zauna in sake ɗauka, ko wata nawa ne."

Inna Zamzam, da ta biyo su tana dogara sanda, ita ta amsa. Ta ce ai babu su. Tun kafin azumi matan unguwa suka yi shawara. Kaset ɗin sun tsufa, sun manne, yara na jan zarensu suna wasa, har an ga akuya na taunar wani. Ga sunan Allah a farkon kowanne, ga ayoyi. Abin da ake yi wa tsohuwar warƙar Alƙur'ani shi suka yi musu: suka ɗaure a farin ƙyalle da dutse, aka ba mai jirgi ya kai tsakiyar kogi ya saki.

"Shi da bakinsa ya ce mana sun shiga inda ba su tsuhwa," ta ce, tana nuna ɗanta da haɓa. Ba zargi a muryarta.

"Har ta Umma?" in ji Ma'u, tana nufin kaset ɗin mahaifiyarta.

"Ita na fara sakawa, ɗiyata. Da hannuna."

Tun daga ranar Abdussalami bai buɗe shago ba. Yana zama a tsakar gida da rana, kansa a karkace, kunnen hagu a sama, ko da ba abin da ke ƙara. Matarsa ta ce abinci sai ta tsaya a kansa. Matan unguwa ba su zo da ƙorafi ba, wannan ne ma ya fi damun Ma'u. Idan ta wuce sai su gaishe ta da ladabi fiye da da, wata ma ta tare ta a hanyar famfo ta tambaye ta a asirce ko marigayi mijinta ya ce wani abu kafin a kashe na'urar.

Wani malaminta na jami'a ya ba ta sunan wani mutum a Khartum, Yasir, da ke ceto bayanai daga faifan da ya lalace. Ta naɗe faifan a tawul, ta saka a gwangwanin madara, ta kai da kanta, ta riƙe shi a cinya tun daga Wad Haddad har tasha. Mutumin ya saurari labarin, ya tambayi makonni nawa aka yi ana rubutu a kansa a wannan gudun. Ta ce uku. Ya ce wataƙila a samu wasu, wataƙila guntaye, kuma abin da ya riga ya cakuɗe ba lalle ya rabu ba. Ta rubuta masa sunan fayil ɗaya a takarda, na saƙon mahaifiyarta, ta ce in ma ɗaya za a samu, wannan. Ya ce zai kira lambar mai kantin da ke kusa da gidansu.

Yau kwana goma sha tara ke nan. Ma'u takan je kantin da safe, ta koma bayan azahar. Yasir bai kira ba tukuna.