Yajin Kamfani

"Kin ji yaji, ba irin naki mai kama da toka ba!"

Kakata Iya ce ke faɗa min haka jiya a Jajaye, tana barbaɗa shi a ɗanwake.

Shekara biyu tana kushe yajina. Shi ne na kunna 'yar firintar gidanmu, na buga takarda jajir da hoton barkono kamar ka tsinka, na manna a robar yajin nawa, na ce tsarabar Kano ce.

"Iya, har ya fi nawa?"

"Ke dai yi shiru, 'yan kamfani sun iya aiki."

Sunana ne fa ɓaro-ɓaro a jikin robar. Iya ajami kawai take karantawa.

Jama'a, in faɗa mata, ko in bar ta ta ci gaba da yabona?