Mai Shimfiɗa Mana Tabarma

A layinmu na Ƙofar Marusa ciyayya muka gada. Da an sallame Magariba kowane magidanci zai fito da kwanon tuwon gidansa, a jera a ƙofar gidan wani Alhaji, a zauna a tabarma ɗaya a ci. Wanda ya kawo ya ci, wanda bai kawo ba ma ya ci, ba mai tambaya. Kakanninmu suka fara, amma tun da soja suka koma bariki Alhajin nan ya tsunduma siyasa, sai ya mayar da abin kamar shi ya ƙirƙiro shi. Duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa mu ya ce, "Ka ga yadda nike riƙe da talakawana." Alhali miyar gidansa ta fi ta kowa tsinkewa. Ni malamin firamare ne, gidana yana kallon nasa, na sha kallon wannan burga har ta gundure ni.

Mai shimfiɗa tabarmar wani saurayi ne da ya zo daga ƙauye neman leburanci, Alhaji ya bar shi yana kwana a shagon da ke jikin zaure. Da rana ya yi dakon bulo, da yamma ya share ƙofar gida, ya shimfiɗa tabarma, ya kawo ruwan wanke hannu. Ba shi da kwanon da zai kawo, wannan aikin ne ya tsaya masa a madadin kwano. A nan ne ake gaishe shi, a tambaye shi mutanen gida, a tsokane shi da girman loma, ya yi dariya har ya ƙware. Duk faɗin Katsina ba shi da wani wuri sai gefen tabarmar nan.

Sai korona ta zo, aka yi kulle, gine-gine suka tsaya. Alhaji ya fito da takunkumi a haɓa ya sanar cewa an dakatar da ciyayya saboda lafiyar jama'a. Wannan ban ga laifinsa ba. Abin da na riƙa gani ta tagata shi ne abokan siyasarsa suna zuwa a mota bayan Magariba, su shige falo, a ci a yi ta ƙyaƙyata dariya. Ashe cutar tana jin kunyar wanda ya zo a mota, 'yan tabarma kawai take bi.

Ba yunwa ce ta kama saurayin ba. Matata tana zuba masa, ni kuma in miƙa masa daga nesa kamar yadda aka ce a yi. Sai ya karɓa ya shiga shago ya ci shi kaɗai. Aiki babu, hanyar ƙauye a rufe. Ya fara rage magana, ya daina wanka, daga baya kwanon ya riƙa dawowa yadda aka kai shi. Abu ɗaya ne bai bari ba: da an kira Magariba zai share ƙofa, ya shimfiɗa tabarma, ya ajiye ruwa, ya zauna inda ya saba yana kallon wurin zaman kowa.

Abin ya tsaya mini a rai, na ɗauki kwanona na je na zauna a ɗaya gefen. Ranar ya ɗan ci. Na ce masa ya bar wahalar da kansa tunda ba mai zuwa. Sai ya ce, "Malam, in ban shimfiɗa ba, ji nike kamar babu ni cikin garin ga."

Washegari na sami Alhaji na ce saurayin nan yana buƙatar ganin likita, kuma ko mutum biyu ne a riƙa zama da shi nesa-nesa. Ya dube ni a wulaƙance ya ce, "Malam, kai da bokonka. Mi likita ya sani ga wanga? Ko ƙwaya ce, ko iska. Mai lahiya ka zama jiran mutanen da babu?" Damuwarsa ɗaya ce, manyan baƙinsa suna ganin mai taɓin hankali a ƙofarsa.

Ba a yi mako ba ya sa aka tattara kayan saurayin a buhu, ya samo motar kayan abinci da ake bari ta wuce duk da kullen, don ta mayar da shi ƙauyensu. Na ce to ya dawo zaurena, Alhaji ya ce ba a layin nan ba. Ya damƙa wa saurayin kwalin taliya, ya gyara hula aka ɗauke su hoto. Saurayin bai ko dubi kwalin ba. Tabarmar ya roƙa a ba shi, Alhaji ya ce ai ta jama'a ce. Daga baya wani ɗan garinsu ya gaya mini yana ɗakin uwarsa, ba ya fita, ba ya magana.

Da aka buɗe gari, aka fara jin ƙamshin zaɓe, Alhaji ya aika gida-gida cewa ciyayya ta dawo. Muka fito da kwanukanmu muka yi cirko-cirko. Ƙofa ba shara, ba ruwa, tabarma a naɗe jingine da bango. Alhaji ya waiga hagu da dama, ya yi tsaki ya ce, "Wai ina yaron ga ne? Kullum in ana buƙata tai ba a ganinai."

Wani dattijo ya tuna masa a hankali cewa shi ya sa shi a mota.

"Au, haka ne fa," in ji Alhaji. "Allah shi ba shi lahiya. To wani shi shimfiɗa muna mana, tuwo na hucewa."

Na juya da kwanona na koma gida. Har yau ban sake zama a tabarmar nan ba.