Ƙosan da Ya Ɗage Mini Ranar Tiyata

Assalamu alaikum edita da masu karatu. Na daɗe ina son rubuto wannan labari, kunya tana hana ni. Yanzu na ga gara in faɗa, ko wata za ta tsira daga wautar da na yi.

A lokacin shekaruna talatin da tara, ina da 'ya'ya huɗu, ina ɗinkin kayan mata a wani ɗan shago a Gada Biyu cikin garin Jos, gidanmu kuma yana Tudun Wada. An san ni da fara'a, an kuma san ni da ƙiba. Nauyina ya haura kilo ɗari da talatin. Tun haihuwata ta biyu jikin yake ƙaruwa, har ta kai in na tsayar da mai keke napep sai ya dube ni ya wuce kamar bai gan ni ba. Sallah a kan kujera nake yi saboda gwiwa. Ga ciwon suga, ga hawan jini. Babu shayin rage ƙibar da ban sha ba, babu jiƙon da ban gwada ba, amma in na rage kilo biyar sai bakwai su dawo.

Likitan da yake duba sugana shi ya fara kawo mini maganar aikin rage tumbi. Ya ce ana cire wani sashe na tumbin ta 'yan ƙananan ƙofofi, ba sai an tsaga ciki ba, daga nan mutum ya riƙa ƙoshi da abinci kaɗan. Ya tura ni wani asibiti mai zaman kansa wajen Rayfield, inda wani ƙwararren likita yake zuwa daga Abuja duk bayan wata biyu. Na yi watanni ina gwaje-gwaje, jini da zuciya da hoton ciki. Ranar da aka ce na cancanta, aka ba ni rana, ban san lokacin da na rungume nas ɗin da ta sanar da ni ba. A keke na dawo ina murmushi ni kaɗai kamar amarya. Duk wadda ta kawo ɗinki sai ta ji labari. Na riƙa lissafa abubuwan da zan yi: in kai goshina ƙasa a sujada, in je taron iyaye a makarantar 'yata ba tare da na nemi kujera marar hannu ba, in goya autana. An ɗora ni a kan abinci mai ruwa-ruwa na mako biyu kafin aikin, na kuwa kiyaye, ko loma ɗaya ta tuwo ban kai baki ba.

Amma a ƙarƙashin wannan murna akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Yayata, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ta turo mini saƙon murya cewa ta ji an yi wa wata irin wannan aiki ba ta farka ba. Wata mai kawo mini ɗinki kuma ta ce ai wannan raina halittar Allah ne. A gabansu na yi dariya, amma maganganun suka zauna mini a ƙirji. Ina taka keken ɗinki sai in ji tunani ya zo: in ban farka ba, wa zai riƙe yarana? In na farka kuma, shi ke nan na rabu da daɗin abinci har abada? Duk lokacin da maigidana ya tambaye ni ko ina jin tsoro, sai in ce wane tsoro, ni da na ƙagu. Na riga na cika gari da zumuɗi, sai na ga kamar abin kunya ne in ce gabana yana faɗuwa.

An gargaɗe ni sarai kada in ci komai a ranar aikin. Da safe, bayan sallar asuba, maigidana ya tafi karɓo motar abokinsa da za ta kai mu. Ina zaune da jakata a gefe, sai ƙanshin ƙosan matar da take suya a bakin layinmu ya shigo. Ni kuwa tun ina yarinya, in raina ya ɓaci ko na tsorata, abinci nake nema. Zuciyata ta ce mini wannan ne na ƙarshe, ko dai na mutu ko kuma tumbin ya ƙanƙance. Na yafa mayafi na fita. Ƙosai bakwai na ci da kofin kunun gyaɗa, a tsaye, a bayan tankin ruwanmu. Na goge baki, na wanke hannu da sabulu, na koma na zauna kamar ba abin da ya faru.

A asibiti nas ta tambaye ni yaushe rabona da abinci, na ce tun jiya. Ta rubuta. Aka ba ni rigar tiyata, aka sa mini ƙarin ruwa. Can sai likitar da take sa mutum barci ta shigo, wata dattijuwa 'yar Filato mai sarƙar gicciye a wuya. Ta duba takarduna, ta dube ni, ta ja kujera ta zauna. Ban sani ba ko fuskata ce ta tona ni. Da irin Hausarsu ta Jos ta ce, "Madam, ni ba alƙali ba ne. Amma idan abinci yana cikinki na sa ki barci, zai iya hawa ya shiga huhu, kuma mutum yana mutuwa a kan wannan. Ki gaya mani gaskiya."

Sai a lokacin na gane cewa mutuwar da nake tsoro ni da kaina na kusa jawo ta. Na fashe da kuka na faɗa mata komai. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce ta gode da na faɗa, amma yau babu aiki, domin akwai wasu a layi kuma babban likitan zai koma da yamma. Sai bayan wata biyu.

Da aka kira maigidana aka sanar da shi, ya ɗauki jakata muka fito. A mota ne, mun kusa gida, ya ce, "Maman yara, ƙosan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni, kina cikin wannan tsoro muna kwana ɗaki ɗaya ban sani ba." Wannan magana ta fi kowane faɗa yi mini zafi.

Kwana uku ban je shago ba saboda kunyar masu tambaya. A na huɗu na koma asibitin da takarda cike da tambayoyi. Dattijuwar nan ta zauna da ni ta amsa su ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ɓoye mini cewa kowace tiyata tana da haɗari ba, ta kuma nuna mini haɗarin da ke cikin zamana a yadda nake. Ta haɗa ni da wata malamar makaranta da aka yi wa aikin shekara guda kafin nan. Na ziyarce ta, na same ta tana cin gwaten acca a ɗan ƙaramin kwano, a hankali, tana santi. Ta ce ita ma sau biyu ta kusa fasawa. Na tambayi malamin islamiyyarmu, ya ce neman magani ne, ba raina halitta ba. Yayata kuma na je har gida na ce mata, Yaya, ina jin tsoro, addu'arki nake so ba labarin waɗanda suka mutu ba. Ta rungume ni tana hawaye, ta ce ita ma tsoron ne ya sa ta turo saƙon.

Daga nan murnata ta dawo, har ta fi ta farko, domin yanzu ba na ɓoye komai a bayanta. Na sake yin mako biyun abinci mai ruwa. Ranar aikin Yaya ce ta zauna da ni tun da safe, muna hira, in gabana ya faɗi in faɗa mata. Da ana tura ni ɗakin tiyata ina tsoro ina kuma dariya. Na farka na ga maigidana a kaina yana ta hamdala.

Yau wata goma sha huɗu ke nan. Na rage kilo arba'in da ɗaya, likita ya rage mini magunguna, jikina ya yi sauƙin da na manta akwai irinsa. Ba zan ce babu wahala ba. Na sha amai a farkon watanni, gashina ya zube kafin ya dawo, kuma akwai ƙwayoyin ƙarin sinadarai da zan riƙa sha har ƙarshen rayuwata. Har yanzu in raina ya ɓaci zuciyata tana tuna mini da abinci, sai dai yanzu na koyi kiran wani in yi magana.

Abin da na koya shi ne mutum yana iya ɗokin abu kuma yana tsoronsa, babu abin kunya a ciki. 'Yan uwa masu shirin wannan aiki ko wani irinsa, ku faɗi tsoronku tun da wuri, ga likita da ga na kusa da ku. Ku bi ƙa'idar da aka ba ku ko da kun ga ƙarama ce. In kuma kun karya ta, don Allah kada ku yi wa likita ƙarya. Ni na yi, kuma da dattijuwar nan ba ta ja kujera ta sake tambayata ba, wataƙila da yau yarana marayu ne.